Hannu Uku a Kan Waƙa Ɗaya: Kari, Amsa-amo da Tsarin "Tabbat Haƙiƙa"

Cikin waƙoƙin wa'azi da ƙarni na 19 ya bar wa ƙasar Hausa, kaɗan ne suka kai "Tabbat Haƙiƙa" yaɗuwa. An rera ta a zaurukan malamai, mata sun rera ta a tsakar gida, daga baya aka buga ta da boko ta shiga azuzuwan jami'a. Wasu masu ambatonta kan ce waƙar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, wasu su ce ta Nana Asma'u ce. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sai dai kowane ya faɗi sulusin magana ne. Shehu ya tsara ta da Fulatanci, ƴarsa Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi. Ko da a ce tarihi bai adana sunayen nan ba, jikin waƙar da kansa zai shaida cewa hannu fiye da ɗaya ya taɓa ta, kamar yadda magini kan dubi katanga ya gane inda aka tsaya bara da inda aka ɗora bana. Kari da amsa-amo da tsarin baiti su ne sawun da hannuwan nan suka bari.

An haifi Shehu a 1754 a Maratta ta ƙasar Gobir, garin da yake yau cikin jihar Tawa, kusa da Galmi. Ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, birnin Alƙalawa ya faɗi a 1808, ya rasu a Sakkwato a 1817. Waƙar ta fito ne daga shekarun da suka biyo bayan nasara, kuma wannan shi ne mabuɗin fahimtarta. Kafin nasara, wa'azin Shehu kan zalunci yana fuskantar sarakunan Hausa. Bayan nasara, sarauta da alƙalanci da ganima sun koma hannun jama'arsa, sai ga shi abubuwan da aka yi yaƙi dominsu sun fara tsirowa a cikin gida. Don haka waƙar take bin masu laifi ɗaya bayan ɗaya: mai neman mulki don tara dukiya, alƙalin da ke karɓar toshiyar baki, mai ƙwace ƙasar wani, mai zamba a kasuwa, mai bautar da ɗa. Kowane an faɗi aikinsa, an faɗi abin da ke jiransa gobe kiyama, aka rufe da kalmomi biyun nan da suka zama sunan waƙar.

Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi fassararta wajen 1831, zamanin mulkin ɗan'uwanta Muhammadu Bello, lokacin mijinta Giɗaɗo ɗan Laima yana waziri. Wato daga tsakiyar gidan mulki aka fitar da ita. Sauya harshen ba ƙaramin al'amari ba ne. Muddin waƙar tana cikin Fulatanci, gargaɗi ne da shugabanni ke ji a tsakaninsu. Da ta shiga Hausa, sai manomi da baiwa da ɗan kasuwa suka sami kalmomin da za su auna shugabanninsu da su, kalmomin kuma na Shehu ne, ba mai iya cewa a yi shiru da su. Jajiyoyin da Asma'u ta naɗa, masu jagorantar ƴan taru daga ƙauyuka, da ka suke ɗaukar irin waɗannan waƙoƙi su kai wa matan da ba su karatu. Abin da za a ɗauka da ka kuwa dole ya kasance yana da ma'auni mai ƙarfi, in ba haka ba ya zube a hanya.

Ma'aunin daga Larabci aka aro shi. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara ilimin aruli, ya fitar da karuruwa 15, aka ƙara ɗaya daga baya suka zama 16. Amma kuskure ne a ɗauka cewa ta littafin aruli karuruwan suka shiga Hausa. Ta kunne suka shiga. Almajirin da ya yi shekaru yana rera Ishiriniya ta Alfazazi da Burda ta Busiri, karin Ɗawil da na Basiɗ sun zauna masa a maƙogwaro tun kafin ya ji sunayensu, kuma in ya tashi tsara tasa waƙar, muryar da ya saba da ita yake ɗorawa a kai. Abin da ya sa dashen ya kama shi ne Hausa da Larabci sun yi tarayya a siffar gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, wannan ita ce marar nauyi; baƙi da dogon wasali; sai baƙi da wasali da baƙi. Biyun ƙarshe masu nauyi ne. Duk Bahaushe yana jin bambancin ko bai san sunansa ba. Garin da ake zama a cikinsa gaɓarsa ta farko marar nauyi ce, garin da ake tuƙa tuwo da shi kuwa tasa mai nauyi ce. Haka dafa abinci da dafa kafaɗa.

"Tabbat Haƙiƙa" tana bisa karin Hafif, mai ƙafa uku a kowane ɗango: fa'ilatun, mustaf'ilun, fa'ilatun. In aka sa alamar – ga gaɓa mai nauyi, alamar v ga marar nauyi, ƙafar farko da ta ƙarshe su ne – v – –, ta tsakiya kuma – – v –. Ba a bukatar Larabci don a ji su. Wanda ya furta "gaskiya ce" ya furta fa'ilatun. Wanda ya ce "yara maza" ya furta mustaf'ilun. Aruli ya yarda a sassauta gaɓar farko ta kowace ƙafa, abin da ake kira zihafin habni, sai ta farko ta koma v v – –, kamar "da mutane", ta tsakiya ta koma v – v –, kamar "ruwan gari". A nan ma in garin tuwo aka nufa, ƙafar ta karye nan take, alhali a rubuce ba abin da ya sauya.

Sunan waƙar kaɗai ya isa darasi guda. Gaɓoɓinsa biyar ne: tab, bat, ha, ƙi, ƙa, wato – – v – –. Gaɓar ƙarshen ɗango kullum mai nauyi ake lissafa ta. Huɗun ƙarshe su ne ƙafa ta uku cif, fa'ilatun, ita kuwa "tab" ita ce ke rufe ƙafar tsakiya. Ke nan iyakar ƙafa ta ratsa ta tsakiyar kalma, abin da kan rikita mai koyo, don yana zaton ƙafa da kalma tare suke farawa tare suke ƙarewa. Sa'an nan a lura da siffar kalmar kanta. A maganar yau da kullum "tabbata" ake cewa, da gaɓa uku. Da an bar ta haka, da ɗangon ya yi kiɓa da gaɓa ɗaya, ƙafar ƙarshe ta goce. An datse wasalin ƙarshe, gaɓa ta biyu ta rufe da baƙi ta yi nauyi, kalmar ta zauna daram a gurbinta, ta kuma sami wani kaifi irin na hukunci wanda cikakkiyar siffar ba ta da shi.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi makarantun Nijar musamman. Ɗalibin kwaleji ko na lise da Faransanci ya fara sanin nazarin waƙa. An koya masa ƙidayar gaɓoɓi da yatsu, an nuna masa ɗangon alexandrin mai gaɓa 12 a waƙoƙin Racine da Victor Hugo, da ƴar tsayawar da ke raba shi shida da shida. In aka miƙa masa ɗangon Hafif ya ƙidaya, 12 zai samu, domin ƙafa uku ne masu gaɓa hurhuɗu. Sai ya yi murna ya rubuta cewa waƙar Hausa ma alexandrin ce, wani lokaci har ya sami maki a kai. Dacewa ce kawai. Waƙar Faransanci adadi take kula da shi, ta Hausa kuwa jerin nauyi. Ana iya jera gaɓa 12 na Hausa waɗanda ba su hau kowane kari ba, ana kuma iya samun ɗangon Hafif lafiyayye mai gaɓa 11, in ƙafar ƙarshe ta koma masu nauyi uku. A karin Kamil ma, inda gaɓa biyu marasa nauyi kan maye gurbin mai nauyi ɗaya, adadin yakan sauya daga ɗango zuwa ɗango, sai mai ƙidaya da yatsu ya yanke wa gwanin mawaƙi hukuncin karya waƙa.

Amsa-amo shi ma ya sauya hali da ya shigo Hausa. A ƙasidar Larabci harafi guda ne ke riƙe da waƙa tun daga farko har ƙarshe, har akan kira ta da sunansa, kamar Daliyar da Shehu ya yi ta yabon Annabi, mai ƙarewa da harafin dal. Kalmomin Hausa kuwa kusan duka da wasali suke ƙarewa, don haka kunnen Bahaushe gaɓar ƙarshe gaba ɗaya yake saurare, baƙi da wasalinsa: wa, ya, na, ba. A wannan waƙa babban amsa-amo ya wuce gaɓa, ya zama kalmomi biyu da ke dawowa a ƙarshen kowane baiti. Wani zai ce arha ce, tun da mawaƙi ya huta da neman sabuwar kalma. Ta wani gefen gaskiya ne, kuma ga mai fassara sauƙi ne babba: cikin gaɓa 12 na ɗangon rufewa, biyar sun riga sun sami mai su, bakwai suka rage a cika. Amma wannan ƙuncin shi ya ba waƙar ƙarfinta. Cikin gaɓa bakwai ba wurin kewaye-kewaye, dole hukunci ya fito a dunƙule. Ga taron masu sauraro kuwa, maimaicin ya zama amshi. Mace ɗaya ta ja baiti, sauran su karɓa da kalmomi biyun ƙarshe, ta haka wadda ba ta hardace komai ba ita ma ta sa bakinta cikin shaida.

Hannu na uku shi ne na Isa, autan Shehu, wanda aka fi sani da Isan Kware. An haife shi a 1817 bayan rasuwar mahaifinsa, bai taɓa jin muryarsa ba. Yayarsa Asma'u ta girme shi da shekara 24, kuma shi ne ya mayar da waƙoƙinta da dama zuwa Hausa. Tahamisi da ya yi wa wannan waƙa tsohuwar sana'a ce ta malamai. Ishiriniyar da ake rerawa a Mauludi ita kanta da tahamisin Ibnu Mahib ake rera ta. Ƙa'idar ita ce a ɗauki baiti mai ƙwar biyu na wani, a gina ɗango uku a gabansa, ya zama ƙwar biyar. Sababbin ukun dole su hau karin asali, dole kuma su ƙare da gaɓar da ɗangon farko na mai waƙar ya ƙare da ita. Sakamakon shi ne ɗango huɗu masu amsa-amo ɗaya, wanda ake kira ƙaramin amsa-amo ko na ciki, yana sauyawa daga baiti zuwa baiti, sai na biyar mai riƙe da babban amsa-amo.

A nan ɗinkin yake fitowa fili. A kowane baiti, ɗango na ɗaya da na biyu da na uku na Isa ne, na huɗu da na biyar na Asma'u ne, ma'anarsu kuma ta Shehu. Wanda ya zo ƙarshe a tarihi shi ke fara magana a baiti, wanda ya riga kowa shi ke rufewa. Isa bai da zaɓi kan amsa-amonsa, domin kalmar da yayarsa ta ajiye a ƙarshen ɗango na huɗu, ba tare da ta yi nufin ta amsa wa komai ba, ita ce ta zame masa umarni sau uku. Mai nazari yana iya gwada abin da kansa: ya rufe ɗangwaye ukun farko na kowane baiti, ya karanta biyun ƙarshe a jere. Zai tarar da waƙa cikakkiya, mai tafiya da sauri, laifi da sakamako, laifi da sakamako, ba numfashi. In ya buɗe ukun ya sake karantawa, sai tafiyar ta lafa: ana share fage, ana jan hankali, ana ƙara bayani, kafin bulalar ta sauka. Ba kowane malami ke son wannan ba. Akwai masu ganin tahamisi ruwa ne ake ƙara wa nono, kuma ba a rasa baitin da nauyin neman amsa-amo uku ya sa mai tahamisi ya maimaita abin da ɗango na huɗu zai faɗa. Sai dai waƙar da za a rera a taro tana bukatar jinkirin nan. Mai sauraro ya san inda baitin zai ƙare, yana jira, jiran kuwa shi ke sa kalmomin ƙarshe su yi nauyi. Ga mai tahamisi kuma akwai neman albarka: ya jingina maganarsa da ta magabaci, ya ba ta sabon rai a zamaninsa ba tare da ya taɓa harafi ɗaya nata ba.

A ƙarni na 20 ƙwar biyar ta zama gidan kowa, har ga mawaƙin da ba baitin wani yake faɗaɗawa ba. Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya da ya rayu daga 1894 zuwa 1990, ƙwar biyar ce mai irin wannan jerin amsa-amo, amma hannu ɗaya ya gina ta daga tushe har kai, don haka in aka cire mata ɗango uku rushewa take yi. Ita ce kuma ke tunatar da manazarci iyakar aruli. Masu aruli kan sa ta a karin Ramal, alhali muryarta daga kiɗan caji aka ɗauko ta, kuma akwai wurare a cikinta da sai da kiɗan ake gane dalilinsu.

Nazarin waɗannan abubuwa a rubuce ya makara ƙwarai in aka gwada da aikin kansa. Charles Robinson ya buga wasu waƙoƙin Hausa na ajami a Ingila a 1896. Sai a 1949 Joseph Greenberg, masanin harsuna na Amurka, ya bayyana wa duniyar boko cewa rubutacciyar waƙar Hausa bisa nauyin gaɓa take, kuma karuruwanta na Larabci ne, abin da malaman zaure suka fi ƙarni suna aiki da shi. A 1975 Mervyn Hiskett ya fitar da tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, a shekarar kuma M. K. M. Galadanci ya kwatanta haɗuwar Larabci da Hausa a fagen waƙa da aure. Ɗalhatu Muhammad ya jawo hankali ga amsa-amon karin sauti, wato yadda hawa da saukar murya kan daidaita a ƙarshen ɗangwaye, abin da Larabci bai sani ba. Abdulƙadir Ɗangambo, da littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, ya daidaita kalmomin da ake koyarwa da su: jigo, salo, zubi da tsari, ɗango, ƙwar biyar. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukan Asma'u cikin kundi guda.

Duk da haka akwai abin da bugun boko ya ɓatar wanda ajami ya riƙe. Marubucin ajami yana da alif da wawu da ya don nuna dogon wasali, yana da shadda don nuna baƙi mai ruɓi, saboda haka takardarsa tana ɗauke da nauyin gaɓa, ko da ba kullum yake bin ƙa'ida ɗaya ba. Bokon da Turawan Ingila suka daidaita a Arewacin Nijeriya bai nuna tsawon wasali ba. Nijar ta taɓa bin wata hanya dabam: bayan taron UNESCO na Bamako a 1966, littattafan yaƙi da jahilci sun riƙa ruɓanya dogon wasali, a rubuta "gaarii" dabam da "garii". Taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 ya sa aka bar wannan, domin mai karatu a Damagaram da mai karatu a Kano su riƙe littafi ɗaya. Hujja ce mai ƙarfi, ba mai musunta, amma waƙa ce ta biya kuɗin. Ɗalibin da ya buɗe baiti a yau ba ya ganin ma'auninsa a takarda, sai in ya furta shi da baki, kuma ya furta shi daidai.

Furta shi daidai kuwa yana nufin furta shi da Hausar da aka tsara shi da ita. Hausar Asma'u da Isa ta yamma ce, ƴar'uwar wadda ake yi a Ƙwanni da Madawa da Adar da Gobir. A can "yaz zo" ake cewa, da "tac ce", da "sunka", da "munka", inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "ya zo", "ta ce", "suka", "muka". Ga mai duban ma'ana duk ɗaya ne. Ga kari kuwa bambancin rai da mutuwa ne: "yaz" mai nauyi ce, "ya" ta cikin "wanda ya zo" marar nauyi ce, "sun" mai nauyi ce, "su" marar nauyi. Duk editan da ya ga "sunka" ya ɗauka kuskuren mai kwafi ne ya gyara, ya rage wa ƙafa nauyi, ɗangon ya fara ɗingishi, sa'an nan wani manazarci ya zo daga baya ya ɗora wa mawaƙiya laifin. Irin wannan gyara ba a iya gane shi sai an koma ga kwafin ajami, kamar waɗanda ake adanawa a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai da kuma hannun iyalan malamai, ko an zauna gaban tsohuwar da ta karɓi waƙar da ka.

Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram tun 1973, a 2025 kuma kundin sabunta ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Littattafan adabin da za a rubuta wa azuzuwa bayan wannan mataki za su ɗauko tsofaffin waƙoƙi, kuma masu shirya su za su zaɓi ko su bar "yaz zo" da "sunka" yadda suke, ko su mayar da su Hausar Kano. Yaron Madawa da ya karanta baitin Asma'u da harshen da ya sha a nono yakan hau karin Hafif ba tare da an nuna masa ƙafa ko ɗaya ba. Abokinsa da ya bi gyararren bugu harafi da harafi shi ne kan yi tuntuɓe a tsakiyar ɗango.